Fara da jan ƙarfe, ka koyi wasa kurfi tukuna

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka sayi inji kafin ka fara koyon zane a jikin ƙarfe. A'a, ba sai da inji ba. Kurfin zane guda ɗaya (ɗan ƙarfe mai kaifin baki da ake yanka zanen da shi), dutsen washi, da fallen jan ƙarfe sun ishe ka. Jan ƙarfe yana da laushi, zai nuna maka kuskurenka nan take.

Amma da sharaɗi: ka fara koyon wasa bakin kurfin, a kusurwa wajen digiri 45. Ni na yi makonni ina zargin hannuna, ashe bakin ne ya dakushe, yana ta zamewa. In za ka yi lanƙwasa, fallen za ka riƙa juyawa. Don Allah, kada ka sa yatsa a gaban kaifin.