Wa za a kira idan naƙuda ta tashi?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce watan iyalinka ya kama, haihuwar fari ce, innarka na son a yi a gabanta, surukarka ma haka, ga ƙannenka kowa na cewa a kira shi. Kana tambaya me al'ada ta ce.

Al'ada ba ta taɓa cewa a yi taro kan mai naƙuda ba. Sanda muke tasowa cikin Birni, nan Damagaram, sau da yawa maƙwabta ba sa sanin ana ciki sai sun ji guɗa. Ungozoma ce da tsohuwa guda a ɗaki, shi ke nan. Haihuwar fari kuma ta gidan iyaye ce, dalilin goyon ciki ke nan. Saboda haka wurin na uwarta ne, in kuma tana kunyar 'yar fari, ƙanwarta ta tsaya mata. Ba don an raina innarka ba. Yarinya a gaban uwar miji ko ciwo zai kashe ta ba za ta buɗe baki ta ce ga inda ke mata ba.

Wannan kunyar kuwa ita ce abin da ba zan yaba maka ba cikin al'adarmu. Akwai wata yarinya da muka zauna gida ɗaya a Zango, kwana biyu tana cije baki don kada a ce ta yi raki. Da aka kai ta likita ɗan ya riga ya koma, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin mu manya muna nan, muna ta yabon haƙurinta. Kada ka bari rana ta faɗi sau biyu kan mai naƙuda. Da ciwo ya kankama, ko faya ta fashe, ko aka ga jini, ku kama hanyar matanite, wato asibitin haihuwa, da katin awonta. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira zuwan kowa.

Naka aikin a waje yake. Ka shirya abin hawa tun yanzu, na dare ma ka san wanda za ka tasa. Ka ajiye kuɗi gefe. Ka tafi da maza biyu lafiyayyu cikin ƙannenka, domin in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, dangi ake nema su bayar, kuma wannan ba ya jira. Su suka fi mata goma masu zaman tabarma a bakin ƙofa amfani. Waya kuma ka riƙe ta. Ban da sanarwa a WhatsApp sai mabiyiya ta faɗo, an ce maka uwa da ɗa lafiya.

'Yan barka ba a korarsu, Damagaram ce. Amma ranar farko a bar ta ta huta, ta sa jariri a nono tun sa'ar farko. Dakashin nan da iyayenmu ke matsewa su zubar, shi ne maganinsa na fari. Tsohuwa guda ta zauna bakin ƙofa tana amsa gaisuwa a madadinta. Mai son ɗaukar yaro ya wanke hannu, mai mura ya yi barkarsa daga tsakar gida, balle yanzu da hunturu ya shigo. Ai kwana bakwai ne kafin suna, kowa zai gan shi ya ƙoshi.

Wankan jego da kunun kanwa sai mun haɗu, akwai magana a kai, domin yawan kanwa da ruwa mai tsananin zafi na wahal da zuciyar mai jego.

Innarka ka bar ni da ita. Juma'a bayan la'asar zan shiga wurinta, ni zan faɗa mata da bakina, kada ta ji daga gare ka. Allah ya sauke ta lafiya.