Tambaya da Amsa: Ɗana ya rama duka ko ya yi haƙuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara takwas ya dawo daga makaranta da kumburarren leɓe, wani ɗan ajinsu ne ya naushe shi. Babansa ya ce gobe in an taɓa shi ya rama, kada ya ƙara shigo masa gida da kuka. Ni kuwa kullum haƙuri nake koya masa. Yanzu na rasa na yi. Anya ba matsoraci nake raino ba?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron sauƙi.

Ban ga laifin zuciyar maigidanki ba, babu uban da zai so a mayar da ɗansa abin duka. Amma ban goyi bayan "ka rama" ba. Ɗan shekara takwas bai iya auna ramuwa ba: a ture shi, ya rarumo dutse. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne darasin da zai zauna masa a kai, wai hannu ne ke raba gardama. Wannan darasi ba ya tsayawa a filin makaranta. Zai bi shi har gidan aurensa, har ranar da wani zai ce "an taɓa namu, ku fito", ya fita ba tambaya.

Ke ma ki duba irin haƙurin da kike koyarwa. In shi ne ya haɗiye kuka ya yi shiru, to bai wadatar ba, don yaron da aka hana faɗin an zalunce shi tara abin yake yi a ciki. Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Mallakar kai kuwa koyonta ake yi. A Dunedin ta ƙasar New Zealand an bibiyi yara wajen 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, aka tarar waɗanda suka fi iya riƙe kansu tun suna ƙanana sun fi tsira daga aikata laifi da suka kai shekara 32.

Ki zaunar da shi yau, ku gwada a tsakar ɗaki. Ke ce yaron da ya buge shi. Ya miƙe tsaye, ya dube ki ido cikin ido, ya ɗaga murya ya ce, "Kada ka ƙara taɓa ni!" sannan ya wuce wurin malami. Ku maimaita har muryar ta daina rawa. Ki kuma gaya masa in an ritsa shi ba hanyar fita, ya kare kansa. Bin mutum daga baya don huce haushi ne ba a yarda ba.

Sai abu mai nauyi, wanda ya shafe ku iyaye. A 1961 masani Albert Bandura ya sa ƙananan yara kallon babban mutum yana jibgar wata 'yar tsana, da aka bar su da ita sai suka jibge ta yadda suka gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In a gida ana raba saɓani da tsawa da mari, ko ana zagin wata ƙabila ko wani addini a gabansa, wa'azinki na haƙuri ba zai yi tasiri ba.

Ki sami maigida ku biyu, ba a gaban yaro ba, cikin taushin murya. Ki roƙe shi ya riƙe hannun ɗansa gobe su je makarantar tare, a kira wancan yaron da iyayensa, a ji ta bakin kowa, mai laifi ya ba da haƙuri. In ya yiwu, ki rubuto mana yadda aka ƙare.