Ku Tambayi Malam Direba: Ya toshe ni a wurin fakin, ya dawo yana cin magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai mahaifiyata asibiti ganin likita. Da muka fito sai na tarar wani ya gicciya motarsa a bayan tawa, ba gaba ba baya, kuma bai bar lambar waya ba. Mama ba ta iya doguwar tsayuwa, dole na zaunar da ita a cikin mota ga zafin rana. Mun fi minti arba'in muna jira. Wani matashi ya ce in ba shi izini ya sace iskar tayoyin, na hana shi. Can sai ga mai motar yana tafe yana waya, ko kallonmu bai yi ba. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, ai yanzun nan na shiga." Har yau abin yana cina. Na yi daidai da na hana yaron nan, ko tsoro ne kawai ya hana ni?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kin yi daidai, kuma ba tsoro ba ne. Da yaron nan ya sace iskar, motar da ta tare ki ta zama motar da ba za ta motsa ba ko mai ita ya dawo. Sai an nemo mai faci ko an ɗaura safaya, ke da Mama kuna nan zaune. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ga shi kuma daga lokacin da aka taɓa tayar, maganar ta tashi daga "ya toshe ni" ta koma "ta lalata min mota", kuma ke za a tuhuma.

Akwai wata shawarar da 'yan kallo suke saurin bayarwa, wato a taru a tura motar gefe. Ita ma ki guje ta. Idan motar otomatik ce kuma giyarta na kan P, wato giyar fakin, akwai wani ɗan ƙarfe a cikin giyabos da yake shiga tsakanin haƙora ya kulle ta. Majiya ƙarfi suka matsa mata, ko dai taya ta riƙa jan ƙasa ko ƙarfen ya samu matsala, kuma gyaran giyabos ba ƙaramin aiki ba ne. In ma mai giyar hannu ce aka bar ta a firi ba birkin hannu, wurin yana da ɗan gangara, wa zai tsayar da ita idan ta fara tafiya ba kowa a sitiyari?

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su fara da waya. Ki ɗauki hoton da ya nuna motarki da tasa tare, lambarsa ta fito sosai. Sannan ki nemi maigadi ko masu kula da wurin, domin su ne suke da ikon shiga ciki su yi cigiyar mai mota, kuma sau da yawa sun ga fuskar wanda ya fito daga cikinta. Idan ya dawo, ki faɗa masa abin da ya jawo a gaban maigadin, a taƙaice, ba zagi: tsohuwa marar lafiya ta yi minti arba'in a rana saboda shi. Ya ba da haƙuri ko ya ƙi, kin dai sa ya ji, kuma an shaida.

Maganarsa ta "yanzun nan na shiga" ita ta fi ba ni haushi a wasiƙarki. Duk wanda ya taɓa toshe mutane da ita yake kare kansa, kuma wasunsu har zuciyarsu sun yarda da ita, domin wanda yake ciki yana biyan buƙatarsa ba ya jin tafiyar lokaci kamar wanda yake waje yana jira. Amma ko da minti biyu ne, ya san wa zai fito a cikin minti biyun? A asibiti fa ake magana, inda mai fitowa zai iya zama wanda aka ce ya garzaya da marar lafiya wani wurin. Wanda larura ta tilasta masa tare wani, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya rubuta lambar wayarsa da manyan baƙaƙe ya ajiye ta jikin gilashin gaba, kuma ya ɗauka idan an kira. A gaba, Hajiya, in kina da zaɓi ki ɗan nisanci bakin ƙofar shiga, don nan ne masu gaggawa suka fi jibge motoci. Ki sauke Mama a ƙofa tukuna, sannan ki je ki ajiye motar.

Tambaya: Malam, wuri ya cika, na ga wani ya shiga motarsa zai fita, na kunna sigina ina jira. Ya gan ni ta madubi sarai. Sai ya hau gyara kujera, ya goge tabarau, ya ɗauko waya yana latsawa. Da na danna hon sai ma ya kashe motar. Wannan wace irin mugunta ce?
Daga wani ma'aikaci

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ka gamu da irinsa ba, har bincike an yi a kai. A shekarar 1997 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Barry Ruback da Daniel Juieng, sun wallafa abin da suka gani a wurin ajiye motoci na wata babbar cibiyar kasuwanci. Direban da ba wanda yake jiransa yakan fita cikin daƙiƙa 32 a matsakaici. Idan akwai mai jira, sai ya kai 39. Da suka gwada danna hon, ya kai wajen 43. Da aka tambayi mutane kuwa, cewa suka yi ai in sun ga ana jiransu sauri za su ƙara. Masanan sun danganta abin da ɗabi'ar kare wuri: mutum yana jin gurbin nasa ne ko da barinsa zai yi, kuma ba ya son a ga kamar korarsa aka yi.

Wannan bai wanke mutumin naka ba, wanda ya kashe mota don ya ƙuntata maka ya yi rashin mutunci. Amma hon ɗin bai taimake ka ba. Ka tsaya nesa kaɗan yadda zai samu filin yin ribas, ka bar sigina tana aiki, in kun haɗa ido ka ɗaga masa hannu. In ka ga ya zauna daram, ka wuce ka nemi wani gurbin.

Tambaya: Mahaifina yana amfani da keken guragu. Sau da yawa mukan samu gurbin masu buƙata ta musamman, amma sai wani ya zo ya faka a kan layukan da aka zana a gefensa. Rannan sai da na ja motar zuwa tsakiyar hanya kafin na iya shigar da Baba. Da na yi wa direban magana ya ce ai wurin ba na kowa ba ne, fili ne ya gani.
Daga wani ɗalibi

Amsa: Allah ya yi maka albarka da hidimar mahaifi. Direban nan ya yi kuskure babba, kuma masu irin tunaninsa suna da yawa, shi ya sa zan yi bayanin don su ma su karanta. Gurbin fakin na yau da kullum faɗinsa bai wuce mita 2.4 zuwa 2.7 ba, ƙaramar mota kuwa ta kai wajen mita 1.8. Abin da ya rage a kowane gefe da ƙyar yake isar mai lafiya ya buɗe ƙofa ya zame ya fita. Mai keke yana buƙatar ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, a kawo keken daf da kujera, mai taimaka masa kuma ya samu inda zai tsaya ya tallafe shi. Don haka ake barin ƙarin fili na fiye da mita ɗaya a gefe, a zana masa layuka a karkace. Filin nan ɓangare ne na gurbin, wanda ya hau kansa ya rufe wa Baba ƙofa. Tambarin mai keken da ake zanawa a wurin ma ba sabo ba ne, tun 1968 wata ɗaliba 'yar Denmak mai suna Susanne Koefoed ta zana asalinsa, kuma duniya ta san shi. Mai lasisin tuƙi ba shi da uzurin cewa bai gane ba.

Abu ɗaya zan ja hankalinka a kai. Idan ka ga wani ya faka a cikin ainihin gurbin masu buƙata ta musamman ya fito yana tafiya da ƙafafunsa, kada ka yi saurin far masa, domin akwai masu ciwon zuciya ko na numfashi da ba sa iya doguwar tafiya, kuma ba a ganin larurarsu a fuska. Wanda ya hau kan layukan gefe kuwa ba shi da wannan uzurin, ko wane ne shi.

Abin da ka yi na jan mota tsakiyar hanya yana da haɗari, domin mai yin ribas ba ya ganin abin da yake ƙasa-ƙasa a bayansa, kuma mutum a zaune a keke bai fi tsayin yaro ba. In dole ta sa ka sake yin haka, ka kunna fitilun gargaɗi, ka sa maigadi ya tsaya ya tare motoci har ka gama shigar da Baba. Sannan ka rubuta wa masu wurin takarda, ka haɗa da hoto, ka roƙe su su kafa ƙarfe ko su ajiye mazugin roba a bakin layukan. Ka nemi sauran masu zuwa da keke su sa hannu a takardar tare da kai.