Ƙanwata, bar Bournvita a gida, ki taho da citta

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, na kuma taya ki murnar samun gurbin karatu a Manchesta. Allah Ya sa a fara a sa'a. Kin ce Inna ta dage sai an cusa miki gwangwanin Bournvita da madarar gari a akwati saboda sanyi, kina tambaya ko za ki samu abin sha mai ɗumi irin wanda kike sha wajen mai shayin Jami'ar Ɗanfodiyo lokacin hunturu.

Ki lallashi Inna ta haƙura. Dokar Birtaniya ta hana wanda ya taso daga Najeriya shigowa da nama ko madara, don haka madarar gari da kilishi ƙwace su za a yi in aka buɗe akwatin. Bournvita da Milo kuwa suna nan a shagunan 'yan Afirka. Kilo 23 ɗin akwatinki ya fi ƙarfin gwangwani. Ki shiga Babbar Kasuwa ki sayo busasshiyar citta, kanumfari, kimba da dakakken barkono, a ƙulle kowanne a ledarsa. Cittar da ake sayarwa a 'yan kwalabe a manyan kantunan nan, a bakina dai, ba ta kama ƙafar tamu ba. Kirfa kada ki wahalar da kanki, tana da araha a shagunan 'yan Pakistan da ke titin Wilmslow a unguwar Rusholme, dab da jami'ar.

Sanyin nan ba irin na Sakkwato ba ne da rana ke kore shi kafin hantsi. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, ga yayyafi ga iska. Ki dinga shiga shagon kofi kina sayen kofin cakulan, fam uku da wani abu zai dinga fita kullum, alhali sukari ya fi komai yawa a ciki. Gara ki haɗa naki.

Abin da za ki nema shi ne garin koko zalla, wato wanda ake cakulan da shi, marar sukari marar madara. Yana ɓangaren kayan yin kek, ba wajen shayi ba. Ɗaci gare shi, kada ki ce ya lalace. Mai yiwuwa ma daga yankinmu ya fito, tunda Kwaddibuwa da Ghana ne kan gaba a nomansa a duniya, a Najeriya kuma jihar Ondo. Asalinsa dai Amurka ta Kudu ne, kuma mutanen Maya da Aztek na Meksiko da Amurka ta Tsakiya da barkono suke shan abinsu tun kafin Turawan Sifen su kai shi Turai su zuba masa sukari. Saboda haka in abokiyar zamanki ta zaro ido ganin kina barbaɗa yaji, ki yi abinki.

Ga yadda nake na mutum ɗaya. Ki ɗora ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kofi a ƙaramar tukunya, ki zuba rabin ƙaramin cokali na dakakkiyar citta, kanumfari biyu, guntun kirfa, su tafasa minti 5 har ruwan ya yi ja. Kanumfari biyu na ce, na uku zai danne komai har harshenki ya yi nauyi. In za ki sa kimba, guda ɗaya ki fasa ki zubar da 'ya'yan, su ke kawo ɗaci. Dalilin fara dafa citta a ruwa shi ne ɗanyarta na da wani sinadari da ke tsinka madara, tafasa ce ke kashe shi. Ranar da taki ta ƙare kika sayi ɗanya, za ki gode wa wannan.

Garin kokon kada ki zuba shi kai tsaye cikin madara. Akwai maiƙo a jikinsa, sai ya taso sama ya yi gudaji, ki yi ta juyi a banza. Ki sa babban cokali ɗaya a kofi da sukari ƙaramin cokali biyu da gishiri ɗan tsunkule, ki ɗiga ruwan yajin nan kaɗan kaɗan kina damawa, kamar yadda ake kwaɓa gasara kafin a sheƙa mata ruwan zafi. Idan ya yi sumul yana sheƙi, sai ki juye a tukunyar, ki ƙara madara mai cikakken mai, kimanin mililita 200. Wuta ƙasa ƙasa, kina juyawa. Da kin ga ƙananan kumfa a gefen tukunya, ki sauke. Murhun lantarkin ɗakunan ɗalibai ba ya hucewa da wuri, don haka ki ɗauke tukunyar gaba ɗaya, in ba haka ba madara ta bori ta ƙone, ƙararrawar gobara ta fito da duk ginin waje cikin sanyi. Ki tace, sannan barkono a bakin cokali, wanda za ki ji a maƙogwaro kawai.

Mai son kauri yakan dama ƙaramin cokali na sitacin masara a ciki, haka mutanen Sifen da Italiya ke yi. Ni ban damu da shi ba. Mazarƙwaila dai in kin samu wuri ki sako ƙulli ɗaya, ta fi farin sukari dacewa da citta nesa ba kusa ba.

Sai ki kula in kin sha a waje. Farar alewar nan mai laushi da suke ɗorawa a kai, yawancinta da jelatin na alade ake yi, sai wadda aka rubuta halal ko ta masu ƙin cin nama. A kasuwannin Kirsimeti kuma wasu rumfunan suna zuba giya a cakulan ɗin, ki tambaya kafin ki miƙa kuɗi.