Tef a kan mikis: ni ma ya taɓa kunyata ni, a gaban ango ma kuwa

Salam 'yan gida. Ɗan'uwa mai tambayar filogin ɗin tef, wato 'yar manhajar da ke kwaikwayon sautin tsohon injin ɗaukar sauti na tef, da ka ce ka ɗora shi a masta, layin ƙarshe da duk sautukan waƙa ke taruwa, ka ji daɗi a hedifon kamar me, amma da ka tura waƙar cikin waya sai murya ta nutse, kik, wato bugun babbar ganga, ya mutu, komai ya cakuɗe, kana tambaya wai a kowane layi ake sawa ko a masta kaɗai... wallahi ina karantawa sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da ya same ka shi ya same ni, kai naka ma da sauƙi tunda a ɗaki ka gano, ni a bainar jama'a na gano nawa.

Lokacin ban daɗe da fara karɓar aiki da kaina ba, wani babba a harkar nan da nake zuwa situdiyonsa ɗaukar darasi, ba zan kama suna ba, ya ce min wai sirrin turawa gaba ɗaya tef ne, ka zuba shi ko'ina yaro za ka ji waƙa ta yi nauyi. Ni kuma maganar oga ai kamar yankan wuƙa ce a wajena. Sai ga wani mawaƙi ya kawo waƙar biki, saura kwana uku dina, ya ba da rabin kuɗi. Layi ashirin da wani abu ne a FL, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, kalangu, shaka, fiyano, bas, murya da amshi huɗu, na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙa wa kowanne filogin ɗin tef na J37 na kamfanin Waves, fireset ɗaya, wato saitin da ya zo da shi, ko taɓa shi ban yi ba, na zo masta na ƙara wani tef ɗin, Kramer Master Tape, na murɗa shi sosai, sannan limita a kai, wato abin da ke ɗaga ƙara ya hana ta wuce iyaka. Tsakar dare ne, janareton maƙwabta na ta ihu, ni da hedifon ina ta gyaɗa kai ina cewa yau na zama furodusa. Ban saurara a waya ba, ban saurara a sifika ba, na fitar na tura masa.

Har gayyata ta ya yi wajen dinar, na sa sabuwar shadda. DJ ya saki waƙa lokacin shigowar amarya. Abin da ya fara fitowa kafin kiɗa shi ne shuuuu, kamar tsohon kaset ɗin da ya kwana a rana, sai bas ya shigo ya cika hol ɗin buuu buuu, kalangun da na sha wahalar ɗauka ya koma kamar ana dukan filo, sunan amarya kuwa da sunan babanta, wanda saboda su aka biya kuɗin, babu wanda ya ji. Ina kallon wata cikin iyaye mata tana tambayar ta kusa da ita wai me yake cewa. Ko minti ɗaya ba a yi ba DJ ya kashe ya sa wata waƙar. Mawaƙin nan ya taso har teburin da nake, bai ja ni gefe ba, a gaban abokan ango ya ce ga wanda ya ɓata min aiki nan, wai furodusa, wai ko a waya aka yi waƙar da ta fi haka. Ni dai shinkafar da ke gabana ban iya ci ba. Cikon kuɗina har yau ban gani ba, kuma na san laifina ne, amma ai akwai yadda ake yi wa mutum magana. Abin da ya fi ƙona min rai ma ogan nan ne, da na je na ba shi labari dariya ya yi har da buga tebur, ya ce ai ni ban ce ka cika ba. Alhali da bakinsa ya ce ko'ina. Daga baya na leƙa wani aikinsa a kwamfuta, wallahi tef ɗaya ne tal a ciki, a kan ganguna. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na daɗe ban koma wajen ba.

To ɗan'uwa, abin da ya yaudare ka a hedifon ƙara ce kawai. Yawancin filogin ɗin nan kana kunna su sauti yana ɗan ƙara ƙarfi, kunne kuma duk abin da ya fi ƙarfi shi yake cewa ya fi daɗi. Ka rage abin da ke fita daga filogin ɗin har ya zama kana kashe shi kana kunnawa ƙarar ɗaya ce, sannan ka rufe ido ka yi ta dannawa har ka manta wanne ne a kunne. Ranar da na fara yin haka sai na ga rabin wuraren da nake sawa ɓata su yake yi.

Sannan ka duba ƙarfin abin da kake tura wa filogin ɗin. Da yawansu an saita su ne a kan sifilin allurar VU, mai auna ƙarfin sauti, ya yi daidai da -18 dBFS a ma'aunin kwamfuta ko kusa da haka, mu kuma nan kik ɗinmu da 808, bas ɗin nan mai nauyi, suna zuwa har suna taɓa ja, ka ga tun kafin ka murɗa komai ka riga ka shaƙe shi. Shi tef aikinsa kenan, yana danne kan bugu, wannan tsinin na farko da ke sa kik da kalangu su soki kunne, sai ya ƙara wasu sautuka a saman na asali. Kaɗan daɗi ne, shaka mai kaifi tana laushi, murya tana kauri. In ya yi yawa kuma bugun ya tafi, shi ne kik ɗinka da ka ce ya mutu. Sauko da mvMeter2, filogin ɗin allurar VU ne kuma kyauta ne, ka sa shi kafin tef ɗin ka ga inda allura take wasa.

Maganar cakuɗewa kuma ka duba gudun tef ɗin. Za ka ga 7.5, 15, wasu har 30, inci nawa tef ke gudu a sakan kenan. A 15 ƙasa yana kumbura, a 7.5 sama yana dusashewa sosai, 30 ta fi tsabta a sama kuma ba ta cika ƙasa kamar 15. Yanzu ka lissafa wannan kumburin a layi ashirin, ka ƙara na masta a kai, ina murya za ta samu wajen tsayawa? Haka shuuu ɗin nan, wasu filogin suna zuwa da shi a kunne don ya yi kama da injin gaske, layi ɗaya ba ka ji, ashirin sun taru limita ya ɗago su, shi ne abin da ya tarbi amarya a nawa. Kashe shi kawai. Waw da fulota ma, wato rawar da sauti ke yi kamar kaset ya saki, ka mai da su sifili a kan murya, mu da waƙoƙinmu suke cike da otatun, wato abin daidaita murya, ka gyara murya ta zauna cak sannan ka sa abin da zai riƙa karkaɗa ta, fiyano na rawarsa daban murya na tata daban. Kuma in za ka haɗa busasshen sauti da mai tef ta ɗan maɓallin nan na gefen kowane gurbi a mikisan FL, in rawar nan na kunne za ka ji sauti na shiga juna kamar a cikin bututu.

Ni yanzu ganguna nake tarawa a bos ɗaya, wato layi ɗaya da duk suke bi ta ciki, in sa tef ɗaya, amshi ma bos ɗaya tef ɗaya, babbar murya wani lokaci in sa wani lokaci in bari. 808 ne kawai nake ɗan matsa wa da gangan, saboda sifikar waya ba ta iya fitar da 50Hz amma in tef ya haifar masa da na 150Hz waya za ta kama wannan, kunne ya cike sauran. Masta kuwa in zan sa, tun farkon mikis nake sawa in yi aikin a cikinsa, ba sai na gama komai in ɗora a ƙarshe ya rusa min ma'auni ba, wanda ina zargin haka ka yi.

Af, kuma don Allah ku rage dogaro da filogin ɗin fashi da ake yawo da su a filashi. Wani aikin na buɗe bayan wata biyu duk saitin ya koma farko, mai waƙa na tsaye a kaina yana son a canza suna ɗaya. Chow Tape Model kyauta ne halak malak, wanda ya yi shi Jatin Chowdhury a kan wani tsohon injin Sony TC-260 ya gina shi, ToTape na Airwindows ma kyauta ne duk da ba shi da ado ko kaɗan. Sai dai Chow ɗin yana cin kwamfuta in ka ɗaga obasamfilin, saitin da ke ƙara tsabtar sauti, ƙaramar laftof za ta fara tari, ni sai lokacin fitarwa nake ɗagawa. Masu kuɗi su sayi filogin ɗin Studer A800 ko Ampex ATR-102 na UAD, Allah ya ba mu mu ma.

Kafin ka tura wa mai waƙa ka ji ta a wayarka, ka ji a 'yar sifikar bulutut, in da hali ka ba wani mai adaidaita ya sa maka ka zauna a baya. Cire tef ɗin masta ɗin nan yau ka fitar da guda biyu, mai shi da marar shi, ƙara ɗaya, ka turo nan mu ji. Mawaƙin nan kuwa kwanaki ya turo min saƙo wai yana da sabon aiki, ko na yi masa ragi tunda mun saba. Na karanta, ban ba shi amsa ba tukuna.