Amsa: Me ya sa iska ke yaye rufin kwano maimakon ta danne shi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce iska daga gefe take zuwa, to ta yaya rufi zai tashi sama? Gaskiyar magana, ba tura shi take yi ba, zuƙe shi take yi.

Idan iska ta daki bango, sai ta lanƙwasa ta haye ta saman rufi, gudunta ya ƙaru. Inda gudun ya ƙaru kuwa, matsinta raguwa yake yi, kamar yadda masanin kimiyya Daniel Bernoulli ya bayyana tun 1738. Iskar cikin ɗaki tana nan da matsinta, don haka ita ce ke tura kwanon daga ƙasa.

Ga lissafin. Iska mai gudun mita 15 a daƙiƙa tana iya jan kimanin kilo 14 a kowane murabba'in mita. Idan gudun ya ninka zuwa mita 30, wato kilomita 108 a awa, jan zai kai wajen kilo 55, ninki huɗu ke nan. Rufi mai murabba'in mita 100 yana fuskantar sama da tan 5, alhali shi kwanon ƴan kilo ne kawai a kowane murabba'in mita. Abin da ke riƙe da shi ƙusa ce da ɗauri, ba nauyinsa ba.

Kuma jan ba ɗaya ba ne ko'ina. Kusurwoyi da bakin rufi da tsororuwa sun fi shan wahala, wani lokaci ninki biyu na tsakiya. Daga nan ɓarna ke farawa: da zarar kwano ɗaya ya ɗaga, iska ta samu ƙofar shiga, sauran sai su bi. Saboda haka a matso da ƙusoshi a waɗannan wurare, a yi amfani da ƙusa mai hula, a ɗaure kowace rafta da langalanga ko ƙarfen da aka binne cikin linta. Wannan ɗaurin shi mutane suka fi yi wa sakaci, shi ya sa ake ganin rufi ya tafi har da katakonsa. Kada a bar bakin rufi ya zarce bango da yawa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu juriya.

Batun buɗe taga don iska ta wuce, ban ba da wannan shawarar ba. Tagar da ke fuskantar iska, in aka buɗe ta, cika ɗakin take yi da matsi, sai a haɗu da turi daga ciki da zuƙa daga waje. Hadari na tasowa, a rufe ƙofofi da tagogi gam.