Makullin babban yatsa a kan fistol: na masana'anta ko na ƙari?

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan makon, dukansu a kan ɗan ƙarfen nan da ake turawa da babban yatsa a gefen fistol, wanda ke hana ta tashi ko an ja kunama.

Tambaya: Ni bahago ne, ina zaune a Jidda, ina da fistol samfurin 1911 da lasisina. Na samu makulli mai hannu biyu, wanda ake turawa ta hagu ko ta dama, na sa da kaina. Da ya ƙi shiga, sai na ɗan goge shi da magagari. Yanzu yana hawa yana sauka ba ƙara, ba ƙarfi, kuma sau ɗaya da na sauke shi guduma, wato ƙarfen bayan bindiga da ke faɗawa harsashi ya tashi, ta faɗi da kanta. In sayi wani in sake gwadawa?

Malam, tun kafin ka gama karanta wannan amsa, cire gidan harsashi, ja saman bindigar baya, ka leƙa da ido ka taɓa da yatsa ka tabbatar babu komai a ciki, sannan ka ajiye ta. Bindigar da gudumarta ke faɗuwa idan an sauke makulli ba ta da lafiya, kuma ba a ɗura mata harsashi ko ɗaya.

Ga abin da ya faru. A ƙirar da John Browning ya yi, wadda sojan Amurka suka karɓa a 1911, akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da ke riƙe da guduma idan an ɗana ta. Makullin yana da ɗan ƙullutu ta ciki, idan ka tura shi sama sai ƙullutun ya tokare wannan ƙarfe ya hana shi motsi. Masu ƙera makullan ƙari da gangan suke barin ƙullutun da kauri, domin babu bindiga biyu da cikinsu ya zo daidai, sai mai gyara ya rage shi kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Ƙin shigar da ya yi maka ba aibi ba ne, haka ake sayar da shi. Magagarinka ne ya ci fiye da kima, sai rata ta samu. Idan ka ja kunama makulli yana sama, sai ƙarfen ya ɗan gusa, guduma ta rage tana rataye a kan baki, makullin kaɗai ke tare da ita. Kana sauke shi ta faɗi. Ƙarfen da aka goge kuwa ba ya dawowa.

Laushin da kake ji wata matsala ce daban. A gefen hagu, sama da mariƙi, akwai siririn bututu mai sifirin da ɗan tsinke a bakinsa, shi ke faɗawa cikin wani gurbi a jikin makulli ya ba da ƙarar nan ta "ƙas". In gurbin bai yi zurfi ba, ko sifirin ya gaji, ko bututun ya yi sako-sako, makulli zai iya sauka da kansa a cikin kube. Mai hannu biyu kuma yana da nasa hali: ɓangarorinsa biyu a tsakiya suke haɗuwa, mahaɗin yakan saki da daɗewa, sau da yawa ma sai an rage katakon mariƙin dama kafin ya sami wurin motsi.

Sabon makulli dai kana bukata, amma ba hannunka ne zai sa shi ba. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya, wadda ta fito a 1426 Hijira, wato 2005, ta sa gyaran bindiga da shigo da kayanta a ƙarƙashin izinin Ma'aikatar Cikin Gida. Saboda haka kada ka yi odar wani ta intanet daga waje. Kai ta wurin mai gyara mai lasisi, shi ya samo ya sa. Ranar karɓa, ka ce ya gwada a gabanka, bindiga babu harsashi, bakinta yana kallon inda ba kowa: a ɗana guduma, a ɗaga makulli, a ja kunama da ƙarfi, a saki, a sauke makulli. Guduma ta tsaya cak. Daga nan ya kara bindigar kusa da kunne ya ɗan ja gudumar baya. In an ji wata 'yar ƙara siririya, ƙarfen ciki ya gusa ke nan, aikin bai kammala ba, kada ka karɓa.

Tambaya: Ina Riyad, ina shirin sayen ta farko a baje kolin shaho da farauta na Malham. Raina yana kan Glock, amma ba ta da makullin yatsa. In saya daga baya a ƙara mata?

Ɗan'uwa, ban ba ka wannan shawara ba. Glock, wadda sojan Ostiriya suka ɗauka a farkon shekarun 1980, an ƙera ta ne da matakan kariya uku: ɗan harshen da ke kan kunama, abin da ke tare allurar da ke bugun harsashi, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Ƙara mata makulli yana nufin a yanka gurbi a jikin robarta a kuma taɓa kayan kunama. Yankan ba ya komawa, garanti yana iya tafiya, kuben da ka saya ba lallai ya karɓe ta ba, kuma ranar sayarwa mai saye zai yi ta kallon gurbin.

Son makullin kansa ba laifi ba ne. Sojan Amurka da suka zaɓi SIG P320 a 2017 suka sa mata suna M17, mai makullin yatsa suka ɗauka. Smith & Wesson M&P tana zuwa iri biyu, mai makulli da marar makulli. CZ 75 da nata take fitowa a gangar jikinta, inda yatsa ke kaiwa ba wahala. Beretta 92FS nata yana can sama, kuma yana sauke guduma, sai dai mai gajeren yatsa yakan sha miƙa. Tunda kuɗinka yana aljihunka, zaɓi wadda aka haifa da shi. Ka riƙe kowacce a hannu a rumfar, ka ga ko yatsanka yana kaiwa ba tare da ka sassauta riƙo ba. Kuma ka gama maganar lasisi tukuna, domin ba a miƙa wa kowa bindiga a wurin don ya biya kuɗi kawai.

In ka ɗauki mai makulli, ka san ka ɗauki aikin horo. Sauke shi da mayar da shi sai sun zama jiki a filin harbi mai izini, in ba haka ba wata rana za ka ɗauka yana sama alhali yana ƙasa.

Tambaya: Maigidana yana ajiye tasa a durowar gado a gidanmu na Madina. Ya ce makulli yana sama, yara ba za su iya ba. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, gaskiya tana wurinki. An yi makullin ne don yatsa ɗaya ya sauke shi cikin ƙiftawar ido, kuma yaron da ke buɗe wayarki, makullin ba zai gagare shi ba. Kuɗin da ya dace a kashe a gidanku na akwatin ƙarfe ne mai lamba ko mabuɗi, a ɗaure shi da bango ko cikin kabad. Bindiga ta shiga babu harsashi, harsasai a kulle su a wani wuri dabam, mabuɗin kuma ya zauna a jikin Alhaji, kada a rataye shi bayan ƙofa. Ki faɗa masa cikin ladabi a daren yau, kuma har akwatin ya iso, ya cire harsasan ya fitar da su daga ɗakin kwana.